Daga Darni Zuwa Ɗakin Gilashi: Tarihin Killace Shuka a Fadamun Gobir

Lambu gonar rani ce da ake killacewa a bakin ruwa, a shayar da ita da hannu, a tsare ta daga dabba da iska da zafin rana. A gabashin jihar Sakkwato, inda Sabon Birni da Isa suke, sana'ar ta dogara ne a kan gulabe uku. Bunsuru da Gagare suna gangarowa daga ƙasashen Katsina da Zamfara su haɗu a yankin Isa, ruwan ya nufi arewa. Gulbin Maraɗi kuma daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar, ya ratsa Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sa'an nan ya dawo Nijeriya ya faɗa cikin wancan ruwa a kusa da Sabon Birni. Taronsu shi ne Gulbin Rima, wanda ke karkata kudu maso yamma zuwa Goronyo da Wurno da Sakkwato.

Gulaben nan na damina ne. Ruwan sama yakan sauka daga Yuni zuwa Satumba, abin da ake samu a shekara kuma yakan tsaya tsakanin milimita 500 da 700. Da kaka ta wuce sai gulbi ya janye ya bar rairayi, amma ruwa bai tafi ba, ƙasa ya shige. Wanda ya haƙa gaba ɗaya ko biyu a fadama zai same shi. Wannan ne ya raba ƙasar gida biyu tun fil azal: jigawa ta gero da wake, wadda ke aiki wata huɗu ta huta takwas, da fadama mai baƙar laka, wadda ba ta san hutu ba.

Masu mulki sun san darajar wannan kwari tun da daɗewa. Birnin Zamfara, wanda kufansa yake kusa da Isa, a nan ya zauna. Gobirawa da suka gangaro daga arewa, daga wajejen Birnin Lalle, a nan suka nemi wurin zama a hannun Zamfarawa, kuma a tsakiyar ƙarni na 18, zamanin Sarkin Gobir Babari, suka ci Birnin Zamfara suka mai da Alkalawa babban birninsu. A Alkalawa Bawa Jan Gwarzo ya yi sarauta, a can kuma rundunar jihadi ta kashe Sarki Yunfa a 1808. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Gobirawan da suka ƙi bin Sakkwato suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, wato dai a bakin gulbi guda, sai dai can sama. Isa ta zama ribaɗin Daular Usmaniyya a kan wannan iyaka, a can Aliyu Ƙarami ɗan Muhammadu Bello ya zauna kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1866. Sabon Birni kuwa wajejen 1860 aka kafa ta, lokacin da Ɗan Halima, wani ɗan sarautar Gobir, ya ɓata da sarautar Tsibiri ya sami izinin Sakkwato ya gina nasa gari kusa da tsohuwar Alkalawa. Bature Heinrich Barth ya bi ta wannan yanki a Maris na 1853, ta Zurmi da Badarawa da Sansanin Isa, kafin ya ƙetare Dajin Gundumi, kuma ya ambaci auduga da albasa cikin abubuwan da ya gani a kasuwar Badarawa. Da Ingila da Faransa suka shata iyaka tsakanin 1906 da 1908, Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni ta faɗa hannun Ingila. Iyakar ta raba sarauta, amma ba ta hana iri da dabarar lambu bin gulbi sama da ƙasa ba.

Aikin mai lambu na farko shi ne shinge. Da zarar an gama kawar da amfanin damina ana sakin dabbobi, kuma a cikin ƙasar da ta bushe fayau, ɗan koren fili a bakin gulbi kira ne ga kowace akuya. Saboda haka ake sare ƙayar magarya da aduwa da farar ƙaya a jera, ko a kafa darni na karan dawa, ko a dasa aguwa ta zama shinge mai rai, tun da dabba ba ta cin ta. Darni yana da amfani na biyu wanda ba kowa ke lura da shi ba. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, busasshiya, tana tsotse raɓar ganye da danshin ƙasa. Darni mai tsayi a wannan ɓangare yana karya ƙarfinta, ƙasar da ke bayansa kuma takan daɗe ba ta bushe ba.

Na biyu shi ne ruwa. Kafin zuwan inji, jigo ne uban aiki: ginshiƙai biyu da sanda a gicciye, doguwar sanda a kai, curin laka a gindinta, igiya da guga a bakinta. Mai aiki ya ja igiya ƙasa, guga ya nutse, nauyin laka ya ɗago shi, ya juye cikin magudana, ruwa ya bi ta zuwa fangali. Yaro ko ƙane yana can yana buɗe bakin wannan fangali da fartanya yana toshe na wancan. Inda ruwa yake kusa sosai, da ƙwarya ake kwarfa. Aiki ne mai cin ƙarfi, kuma abin da jigo ɗaya zai iya shayarwa da wuya ya wuce kashi ɗaya cikin goma na hekta. Wannan ƙanƙantar ita ta sa lambun da ya zama wurin kulawa ta ƙut-da-ƙut, inda mai shi ya san kowane fangali da halinsa. Albasa da alkama da barkono da taba da gauta da yakuwa ake zubawa. Alkama ta manya ce, ta alkaki da taliya, taba kuwa ganyenta na maza ne, furenta kuma na mata masu haɗa shi da goro.

Na uku, wanda ya fi kusa da abin da Turawa suka gina wa ɗakin gilashi, shi ne renon iri. Albasa da tumatir da tattasai ba a shuka su kai tsaye. Ana gyara ɗan wuri a ƙarshen damina, a ɓarje ƙasa a haɗa da ruɓaɓɓen taki, a yafa iri, a rufe da busasshiyar ciyawa don kada ruwan shayarwa ya tone shi, kada kuma rana ta dafa shi. Idan ya tsiro sai a ɗage ciyawar, a kafa 'yan gwafanni gajeru a shimfiɗa kara ko tsohuwar zana a kai. Ana rage inuwar kaɗan-kaɗan har tsiron ya saba da rana, bayan kamar mako shida a cire a dasa. Wannan 'yar rumfa ba ta kai ƙugu ba, ba ta da ƙofa, ba a kashe mata ko sisi, amma duk abin da ake nema ga ɗakin reno a ƙasa mai zafi tana yi: ta rage haske, ta riƙe danshi, ta bar iska ta wuce. Hikima guda ce da ta rudu, rumbun kara da ciyawa da ake ajiye albasa a ciki bisa ɗan gado, iska na ratsawa ta ƙasa da ta gefe. A kowannensu abin gudu shi ne zafi da ya taru ya rasa mafita.

Ƙarni na 20 ya sauya ruwan, bai sauya wannan ƙa'ida ba. Gwamnatin mulkin mallaka ta gwada ban ruwa na zamani a Kware a shekarun 1920. Farin 1972 zuwa 1974 ya sa gwamnatin tarayya ta karkata ga manyan madatsu: Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, Goronyo a kan Rima a 1984 mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942, sai ta Jibiya a kan Gulbin Maraɗi daga baya, wadda ta rage abin da ke gangarowa Maraɗi da ƙasar Gobir. Amma abin da ya fi taɓa rayuwar mai lambu a Isa da Sabon Birni ƙaramin abu ne: rijiyar bututu da ake nutsawa cikin rairayin fadama da ɗan injin fetur mai jan ruwa. Sun bazu a shekarun 1980 ta hannun hukumomin raya aikin gona, shirin Fadama na Bankin Duniya da ya fara a 1993 ya ƙara yaɗa su. Mutum ɗaya ya iya shayar da hekta guda ko fiye, jigo ya ja da baya har yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganinsa ba. Albasa 'yar Galmi, mai launin shuni, wadda ta samo suna daga wani gari a jihar Tawa ta Nijar, ta zama abin nema. An sami kuɗi, an kuma sami matsaloli: lambuna sun cinye burtali da mashaya a wurare da dama, ambaliyar Satumba ta 2010 ta shafe gonaki a kwarin Rima, sannan rashin tsaro da ya tsananta tun 2019 ya kori dubban mutane zuwa jihar Maraɗi. Lambu yana son mai shi a kusa safe da yamma, don haka yana cikin abubuwan da tashin hankali ke fara kashewa.

A fannin itatuwa ma an ga sabon salon reno. Ma'aikatan gandun daji sun kawo dogon yaro, wanda ya shigo Nijeriya ta Borno a 1928, suka kuma kawo renon dashe a cikin ledoji ƙarƙashin rumfar zana. Shingayen itace da aka dasa a kwarin Majiya na Nijar tun 1975 darni ne da aka faɗaɗa ya rufe kwari guda.

Ɗakin gilashi kuwa daga wata matsala dabam ya fito. A Turai abokin gabar shuka sanyi ne. An rubuta cewa Sarkin Rum Tiberius, wanda ya yi mulki daga shekara ta 14 zuwa 37, ana nome masa wani irin kokwamba duk shekara a cikin akwatuna masu ƙafa, a tura su rana da hantsi, a rufe su da wani dutse mai sheƙi da haske ke ratsawa. Haƙiƙanin bunƙasar abin sai a ƙarni na 19 a Ingila. Wani likitan Landan, Nathaniel Ward, ya lura a 1829 cewa tsiro yana rayuwa a cikin rufaffiyar kwalba ba tare da an ƙara masa ruwa ba, domin tururin da ya tashi yana komawa ƙasa. Akwatin gilashin da ya ƙera a kan wannan ya ba da damar ɗaukar tsirrai masu rai a jirgin ruwa na watanni, kuma da shi aka kai dashen itacen roba daga lambun Kew na Landan zuwa Silon a 1876. A 1845 aka soke harajin gilashi a Ingila, tsakanin 1844 da 1848 kuma aka gina babban ɗakin dabino na Kew da ƙarfe da gilashi. Attajirai suka shiga gasar tara baƙin tsirrai daga ƙasashe masu zafi, kuma cikin waɗanda aka fi rububi akwai masu cin ƙwari.

Tsirran nan sun haura iri 600 a duniya. Akwai Dionaea, mai ganye kamar tarko, wadda asalinta jihohin Karolina biyu na Amurka ne kawai. Idan ƙwaro ya taɓa gashin cikin ganyen sau biyu a cikin kimanin daƙiƙa 20, ganyen ya rufe. Akwai Nepenthes ta Borniyo da Sumatara, mai rataye da 'yan tuluna masu santsin baki da ruwa a ciki. Akwai Drosera, mai gashi da ɗigon danƙo kamar raɓa. Charles Darwin ya fara nazarin Drosera a 1860, ya gina ɗakin reno mai ɗumi a gidansa na Down a 1863, ya yi shekaru yana ɗora wa ganyen guntun nama da farin ƙwai yana kallon abin da zai faru. Littafin da ya fitar a 1875 ya tabbatar cewa ganyen yana fitar da ruwa mai narkar da abin da ya kama, yana kuma tsotsewa. Dalilin wannan ɗabi'a talaucin ƙasa ne. Tsirran suna zaune a wurare masu ruwa da hasken rana amma ƙasarsu ba ta da naitirojin da fosfaras, don haka abin da saiwa ta rasa sai ganye ya nemo a jikin ƙwaro.

Yammacin Afirka tana da nata. A dazuzzukan Saliyo da Laberiya da Kodebuwa akwai wata kurangar da ake kira Triphyophyllum peltatum, wadda ba ta fitar da ganyen kama ƙwari sai a wani mataki na rayuwarta, kuma masu bincike a Jamus sun nuna a 2023 cewa ƙarancin fosfaras ne ke tayar da shi. A ƙasashen Hausa da Sahel kuwa, wanda ya fi yawa shi ne Utricularia, tsiron da ke yawo a tafkuna da ƙaramar fadama tare da bado. Ba shi da saiwa. Zarurruka ne kore a cikin ruwa, ɗauke da ƙananan jakunkuna da ba su kai ƙwayar gero ba ko kuwa daidai da ita. Kowace jaka tana fitar da ruwan cikinta ta tsuke, idan ƙaramar halittar ruwa ta taɓa gashin bakinta sai murfi ya buɗe ya zuƙe ta cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Abin da mai wucewa ke gani kawai 'yan furanni ne, galibi rawaya, da suka ɗago saman ruwa bayan damina. Drosera indica ma tana fitowa a jiƙaƙƙen rairayi a sassan Nijeriya. Rubuta tsirran Arewa da sunayensu na kimiyya ya sami gudummawa mai yawa daga John Dalziel, likita ɗan Sikotland da ya fara aiki a Arewa a 1905, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, daga baya kuma shi da John Hutchinson na Kew suka rubuta babban kundin tsirran Yammacin Afirka.

Bayan yaƙin duniya na biyu leda ta maye gurbin gilashi, ɗakin reno ya yi arha, har ya kai ga yankin Almeriya na Sifen ya rufe hekta wajen 30,000 da ita. A Arewacin Nijeriya an fi jin labarinsa bayan ɓarnar tsutsar tumatir ta 2016, wadda manoma suka laƙaba wa suna sharon, lokacin da aka fara neman hanyar rufe shuka daga ƙwari. A nan ne kuskure ke yawan shigowa, domin ɗakin da aka tsara don ya tara zafi, idan aka kafa shi a ƙasar da zafin Afrilu ke wuce digiri 40 a inuwa, tanda ya zama.

Wanda zai zaɓi ɗakin renon tsirrai masu cin ƙwari a irin yanayin Gobir, ƙa'idar 'yar rumfar albasa zai bi. Gefuna na raga ne, rufi mai tsayi da kafar fitar zafi a ƙololuwa, da inuwar da za a iya ƙarawa a bazara a rage a damina. Bushewar iskar rani tana da fa'ida guda: ruwa yana saurin tashi, tashinsa kuma yana sanyaya wuri. Dabarar randa ce, ita ce kuma Muhammad Bah Abba na Jigawa ya yi amfani da ita a tukunyarsa mai tukunya a ciki, wadda ta samo masa lambar yabo ta Rolex a 2000. Jiƙaƙƙen buhu ko tabarma a ɓangaren da iska ke shigowa, da jiƙaƙƙen rairayi a daɓe, suna sauke zafi su ƙara danshi. Ɓangaren arewa maso gabas yana son kariya mai kauri, domin ƙurar hunturu tana liƙe wa ganye mai danƙo ta lalata shi.

A nan kamannin suka ƙare, domin sauran ilmin lambu a juye yake ga waɗannan tsirrai. Taki, na dabba ko na zamani, yana ƙone saiwarsu. Toka guba ce gare su. Baƙar lakar fadama da ake jingina da tsada ba ta da amfani a wurinsu, sai wankakken rairayi da ɓawon kwakwa da aka jiƙa aka wanke sau da yawa, tun da gansakukar da ake amfani da ita a Turai ba a samunta a nan. Ruwan rijiya da na burtsatse sukan ɗauko gishiri da kanwa, waɗanda ke taruwa a tukunya har su kashe tsiron. Ruwan sama ake nema, saboda haka tanki yana gaba da ginin kansa a muhimmanci. Lissafin mai sauƙi ne: rufi mai faɗin murabba'in mita 50, a shekarar da aka sami milimita 600, yana karɓar lita 30,000, sai a zubar da ruwan farko da ya wanke ƙura a tara na baya, a rufe shi don wata takwas na rani.

Zaɓen irin tsiro shi ne ke yanke sauran hukunci. Dionaea da Sarracenia na Amurka suna bukatar wata uku ko fiye na sanyi na gaske don su yi barci, hunturun Gobir kuma sanyin dare ne kawai, rana na fitowa ya watse. Nepenthes na kan duwatsu suna son dare mai sanyi duk shekara, abin da ba zai samu ba sai da na'ura da wutar da ba ta yankewa. Nepenthes na gangare suna jure zafi matuƙar danshi bai yanke ba, su ne ke bukatar ɗaki sosai. Drosera indica kuwa shekara guda take yi, ta tsiro da ruwa, ta yi iri, ta mutu da rani, don haka kalandarta ɗaya da ta gero. Utricularia ta tafki ita ta fi kowa sauƙi: babban kasko ko baho cike da ruwan sama, ɗan busasshen ganye a ƙasa don ƙananan halittun da take ci su samu, da zana a sama mai tare rabin rana.